Fari Ba Ɗaya Ba Ne: Yadda Muka Nemo Launin Tsohuwar Motar Baba

Masana harkar noma da suka tsara jerin irin albasar ƙasar Nijar sun sa sunan garinmu a ciki. Akwai "Violet de Galmi" wadda ta yi suna har ƙasashen bakin teku, akwai kuma "Blanc de Soucoucoutane", wato farar albasar Sukukutane. Ta Galmi da Faransanci ya kira shunayya, mu a kasuwa jar albasa muke ce mata, kuma ba a taɓa auna wa mai saye wata daban ba saboda wannan saɓani. Ita ma farar tamu, duk wanda ya yi aikin lambu ya san farinta ranar da aka tone ta daban yake da farinta bayan ta yi wata biyu a rudu. Sunan launi zaure ne mai faɗi, mutane da yawa suna shiga su zauna lafiya, har ranar da aka ce a haɗa kuɗi a sayo gwangwanin fenti. Ranar ce ake gane kowa da farin da yake nufi. Haka ta faru a gidanmu bara, kuma na ga ya dace in ba ƴan'uwana malamai da iyaye labarin, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana mota ƙirar Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda a nan muke kira bashe, tsofaffin direbobi su ce kat-san-kat, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce a-kori-kura. Ta hannu ya saye ta tun ina ƙaramin ɗan lakwal. Ita ta yi ta jigilar buhunan albasa da gero da wake daga Sukukutane zuwa Matankari da Dutsi. Ita ta riƙa kai masu naƙuda likita cikin dare, ta kai amare, ta kai gawa. Daga abin da ta samo aka yi mini kuɗin mota da guzuri har na gama makarantar horon malamai ta Mali Bero da ke Doso. Don haka idan na ce ina da bashi a wurinta, ba ƙari na yi ba.

Yaran yanzu ba su san ko wace ce 404 ba. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana fasalinta, ita kuma mai buɗaɗɗen bayan ta biyo baya a 1967. Sau huɗu tana cin gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, abin da ya tabbatar wa duniya cewa rairayi da gargada ba sa ba ta tsoro. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a Kenya kuwa an ci gaba da yin 404 har 1991. A Amurka akwai masu neman tsofaffin motoci irin Ford ta 1932, su sa musu babban inji su yi musu kwalliya, su kashe dukiya wajen neman launi guda. Su don marmari suke yi. Mu a nan tsohuwar mota abin neman abinci ce, amma tambayar da ke gabanmu da su ɗaya ce: wane launi ne nata na ainihi, kuma ta yaya za a sake haɗa shi?

Bayan rasuwar Baba motar ta yi shekaru a gindin bedi, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujera. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun taya fiye da sau uku. Yayana ya ce a sayar a raba wa magada haƙƙinsu, kuma maganarsa tana kan hanya, domin akwai ƙannenmu mata da ke da buƙata. Inna ba ta ce kada a sayar ba. Cewa ta yi a ɗauki tumuninta gaba ɗaya a zuba a gyaran, idan motar ta tashi a riƙa ba da ita haya lokacin albasa ana raba abin da ya shigo. Da aka ji haka kowa ya yi shiru, aka yi karo-karo. Inji da birki da tayoyi suka cinye kaso mafi tsoka. Abin da ya rage na fenti bai wuce na shafi ɗaya ba, idan aka ɓata babu na sakewa. Sharaɗin Inna kuma guda ne tak: a mayar mata da motar yadda ta fara ganinta a ƙofar gida.

Nan gardama ta tashi. Kowa ya yarda motar fara ce. Inna ta ce farin madara ne, irin na nonon da ya kwana ya yi mai a sama. Yayana, wanda shi ya yi wa Baba yaron mota shekara da shekaru, ya rantse fara ce fat kamar allin rubutu, ya ce shi da ya wanke ta da hannunsa ba za a gaya masa ba. Autarmu ta ce ita dai tun tasowarta fari mai ruwan toka ta sani. Aka ɗauko tsohon hoton da aka ɗauka ranar wata Sallah, sai ga motar ta koma ruwan hoda, rigar Baba ma da muka san fara ce ta koma haka. Hoton takarda rini ne, kuma rinin da ke cikinsa ba tare suke koɗewa ba, wani yakan riga wani gudu. Ƙanena ya ɗauki hoton motar da wayarsa ya tura wa abokinsa mai sayar da fenti ta WhatsApp. Hoton safe ya fita da shuɗi-shuɗi, na yamma ya fita da ja-ja, domin waya da kanta take gyara hasken hoto ba tare da ta yi shawara da kowa ba, allon kowace waya kuma da irin nasa farin.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na bi motar zuwa Dutsi wurin wani dattijo mai fentin mota, wanda ya kusa shekara arba'in a kan sana'ar. Na gaishe shi na ce, "Baba, farin fenti muke so a yi mata." Bai ko ɗago daga tabarmarsa ba ya ce, "Mushe, wane hwari? Hwari ba guda ba na." Ya tashi ya zagaya motar, ya shafa tafin hannunsa a kan murfin inji ya nuna mini. Hannun ya yi fari kamar ya taɓa garin rogo. Ya ce, "Wanga da kaka gani rana ta canye shi. Mu tahi inda ba ta kai ba."

Abin da ya nuna mini da hannu shi ne abin da littafin kimiyya ke faɗa da dogon bayani. Fenti abu biyu ne a haɗe: garin launi, da danƙon da ke riƙe garin ya manne da ƙarfe. Hasken rana yana karya danƙon nan sannu a hankali, garin ya saki ya fito fili, shi ya sa tsohuwar mota ke barin fari a rigar wanda ya jingina da ita. A kan wannan sai ka ƙara jar ƙurar hanyoyinmu da ke shiga kowace ƙofar gashi ta fentin, da iskar hunturu mai gurza kamar dutsen kaushi, da omo da aka yi ta wanki da shi. Motocin zamanin 404 ba su da shafin ƙyallin nan marar launi da ake yi wa na yanzu a sama, saboda haka launin da kansa ne ke karɓar dukan rana.

Dattijon ya sa yaransa suka ɗaga robar bakin ƙofa. Suka cire ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja suka juya murfinsa. Suka zare kujera suka leƙa bangon da ke bayanta, suka kwance ƙarfen da ke riƙe da lambar mota. A kowane wuri suka wanke da ruwa da sabulu, suka goge da tsumma mai laushi. Na tambaye shi me ya sa wuri ɗaya bai isa ba. Ya ce ko a gaban alƙali shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Farin fenti irin na da, idan ya daɗe a duhu, shi ma yakan ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa, wanda ke kusa da inji kuma zafi da hayaƙi sun taɓa shi. Don haka sai an ji daga bakin uku ko huɗu, a ɗauki abin da suka haɗu a kai. Ya kuma duba ɗakin inji, inda kamfanin kan buga lambar launi, amma maiƙo da tsatsa sun riga sun cinye ta. Ya ce ko da ta fito ba za ta hutar da shi ba, domin lamba tana gaya maka sunan da aka raɗa ne, shi kuma sai ya haɗa da irin garin launin da ke kasuwa yau, wanda ba shi ne na wancan zamani ba.

Sai ya yi wani abu da ya raba gardamar gidanmu. Ya ɗauki takardar gurza mai laushi ya jiƙa ta, ya zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu a gefen ƙofa, ya yi ta gurzawa a karkace, tsakiya ya fi zurfi, gefe sama-sama. Da ya wanke sai ga zobba-zobba kamar an yanka albasa a tsakiya. Na waje fari ne mai ruwan toka, ya koɗe ya sha ƙura. Ƙarƙashinsa fari fat kamar alli. Sai siririn layin mastik. Sai fari mai ruwan madara, daidai da wanda muka gani a bayan murfin akwati. Daga nan shafin farko na kamfani, sai ƙarfe. Ashe Baba ya taɓa sake mata fenti bayan wani karo da ta yi da amalanke, ya sa mata farin da ya samu a lokacin. Inna ta riƙe launin ranar da motar ta shigo gida. Yayana ya riƙe launin shekarun da ya yi yana wanke ta. Auta ta riƙe launin tsufanta. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa shekararsa yake ba da labari. Na kira yayana a waya na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "A yi na Inna."

Gano launi rabin aiki ne, haɗa shi ne sauran rabin. Dattijon ya zuba rubu'in lita na farin fenti a wani tsaftataccen gwangwani. Ya kawo ruwan ɗorawa mai duhu da baƙi, yana ɗiba da sirinji yana ɗigawa, yana motsawa har ƙasa. Bai taɓa gwada ɗanyen fenti da jikin mota ba, domin launin fenti a jiƙe daban yake da launinsa a bushe. Sai ya tsinka shi da diluwan, ya fesa a kan guntun ƙarfe da aka yi wa shafin farko, a ajiye ya bushe, sannan a kara shi da bayan murfin akwati baki da baki, babu rata a tsakani. Na farko ya yi haske da yawa. Na biyu ya zarce, ya koma kamar man shanu. Ya ce wanda ya zarce ba a ja da shi baya sai da farin fenti mai yawa, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Kwana uku muka yi, guntayen ƙarfe bakwai, kowane da lambarsa a baya.

Yana da dokoki a kan kallon ma. Ba ya gwada launi da sassafe ko gab da magariba, lokacin da hasken rana ke da ja. Ba ya yi ranar da hazo ya rufe gari. Da hantsi yake fita, ya tsaya a inuwa mai haske, ba cikin tsakar rana mai kashe ido ba, kuma nesa da jan bango ko koren ganye da za su watso nasu launin. Ba ya ƙura ido ya daɗe, sai ya duba kaɗan ya kau da kai ya sake dubawa, domin ido yana gajiya ya fara yarda da abin da ba haka ba. Da dare kuma ya sake karawa a ƙarƙashin fitila. Dalili shi ne fenti biyu da aka haɗa da garin launi daban-daban suna iya zama ɗaya a hasken rana su rabu a hasken lantarki. Duk macen da ta taɓa sayen ɗankwali a rumfa mai ƙwan wuta don ya dace da zaninta, ta fito waje ta ga sun yi hannun riga, ta san wannan. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wurin dattijon nan na ga idon da aka yi shekaru ana horarwa har ya kusa zama mudun.

Da guntu na bakwai ya dace, sai ya kira wani saurayi cikin yaransa ya ce ya fitar da lissafin lita huɗu. Na gane yaron, ya zauna a ajina shekarun baya kafin ya bar lakwal daga aji shida. Ya tsuguna ya rubuta a bayan kwali: rubu'in lita ya ci mililita 6 na ruwan ɗorawa da mililita 1 na baƙi, lita huɗu rubu'i 16 ke nan, saboda haka 96 da 16. Ya ƙara da cewa kada a haɗa gwangwani-gwangwani, a juye duka a bokiti ɗaya a motsa, don kada ƙofa ta bambanta da murfin inji. Wannan shi ne lissafin daidaito da muke koyarwa a aji biyar da shida, wanda yara da yawa ke gani kamar azaba. A gareji, inda kuskuren mililita goma ke nufin asarar kuɗin wata tsohuwa, yaron bai ko yi gargada ba.

Sun yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, suka rufe gilasai da tsofaffin jaridu, aka fesa da safe kafin iska ta taso. Na roƙi alfarma guda, kada a taɓa bayan murfin akwatin nan, a bar shi da fentinsa na kamfani, kwalin lissafin kuma na naɗe shi a leda na saka a ciki, ko wata rana ƴaƴanmu za su buƙata. Ranar da motar ta shigo Sukukutane, Inna ta fito da mayafinta ta zagaya ta sau ɗaya, ta tsaya a ƙofar da Baba ke shiga. Ta ce, "Ita ta." Ta koma ciki, ba mu sake ganinta ba sai bayan la'asar.

To, ina ruwan malamai da iyaye da wannan? Mu fara da aji. Darasin launi a wurinmu yakan ƙare ne da jera sunaye shida ko bakwai da Faransanci, yaro ya haddace ya maimaita, a ba shi maki. Alhali yaron nan daga gidan da ake da kalmomi masu yawa ya fito. Kakansa ba ya ce wa doki fari ko baƙi kawai, yana da kili da akawal da bidi da hurde da aharas da gunya. Uwarsa tana rarrabe ruwan goro da ruwan makuba da ruwan ƙasa da ruwan zuma, ta san tsanwa ta san algashi, ta san bula ta san shuɗi. Marinan Ƙofar Mata a Kano, da baba da toka, suna fitar da shuɗi hawa-hawa tun daga mai haske har wanda ya kusa baƙi, gwargwadon yawan tsomawa. Dubi yadda harshen ya gina abin: "ruwan kaza", wato a kara launi da wani abu da kowa ya sani. Hanyar da dattijon ya bi ke nan da guntun ƙarfe da murfin akwati. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, irin waɗannan kalmomi ne ya kamata su fara shiga allo kafin tsofaffin da suka san su su ƙare.

Wanda ya fara tsara ma'aunin launi da duniya ke amfani da shi har yau, shi ma malami ne a makarantar horon malaman zane. Sunansa Albert Munsell, a birnin Boston na Amurka, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda za a koya wa yara launi ba tare da dogaro da sunaye masu santsi ba. A littafinsa na 1905 ya ce a tambayi kowane launi abu uku: daga wane dangi yake, ja ko tsanwa ko shuɗi, yaya haskensa ko duhunsa, yaya ƙarfinsa ko koɗewarsa. Masana ƙasar noma har gobe da littafin launukan Munsell suke tantance launin ƙasa. A Jamus kuma an kafa tsarin RAL a 1927 da launuka 40, kowane da lambarsa, kuma a cikinsa yau fari kaɗai ya kasu: 9001 mai ruwan madara, 9002 mai ruwan toka, 9010 tsantsar fari, 9016 farin alamun hanya. Wato gardamar Inna da yayana da auta, Jamusawa sun riga sun ba kowannensu lamba.

Na gwada tambayoyin nan uku a ajina ba tare da na sayi komai ba. Na ce kowane yaro ya zo da farin abu ɗaya daga gida. Aka kawo alli, gishiri, auduga, ɓawon ƙwai, shinkafa, kanwa, garin rogo, ƙashi, ɓawon albasa. Muka shimfiɗa su a kan baƙin zani a inuwa, na ce su jera daga mafi haske zuwa mafi duhu, sannan su faɗi wanne ya ja zuwa ɗorawa, wanne zuwa toka, wanne zuwa shuɗi. Gardamar da suka yi ta fi ta gidanmu zafi, kuma yaran da ba su cika ɗaga hannu ba su suka fi magana. Mako na gaba muka yi da ƙasa: jar ƙasar tudu, farin rairayi, baƙar laka ta fadama. Daga nan darasin ya shiga noma da kansa.

Irin wannan wasa yana tona wani abu kuma. Akwai yaran da idonsu ba ya rarrabe ja da tsanwa yadda na sauran ke yi. Halitta ce, ba wauta ba ce, ba taurin kai ba ne. Galibi maza take kamawa, kuma ta wajen uwa ake gadonta. Masanin Ingila John Dalton ya bayyana ta a 1794 domin shi kansa yana da ita, likitan Japan Shinobu Ishihara kuma ya fito da hotunan gwajinta a 1917. A Turai kimanin namiji 1 cikin 12 yana da ita, a Afirka adadin bai kai haka ba, amma malamin da ya shekara goma yana koyarwa da wuya a ce irin yaron nan bai ratsa ajinsa ba. Idan ka ga yaro mai ƙoƙari yana tsinko ɗanyen tumatir a madadin nunanne, ko yana kasa karanta abin da aka rubuta da jan alli, a kai shi a duba idonsa kafin a ɗaga masa murya. Sanin wannan da wuri yana taimakon iyaye wajen zaɓa masa sana'a, domin fentin mota da haɗa wayoyin lantarki za su wahalar da shi, alhali ga wasu hanyoyi a buɗe.

Iyayen da ƴaƴansu ke koyon sana'a a gareji kuma, ina da roƙo biyu. Na farko, kada a riƙa kallon yaron kamar wanda ya faɗi. Abin da na gani a Dutsi ilimi ne mai ƙa'ida, da gwaji da lissafi da haƙuri, kuma wanda ya iya karatu da lissafi kafin ya je shi ke zama na hannun daman maigida. A bar shi ya samu ko da na firamare ne cikakke. Na biyu, a je a ga inda yake aiki. Tsohon fenti, musamman ja da ruwan ɗorawa da shafin ƙasa, yana iya ƙunsar dalma, kuma gurza shi a bushe yana tayar da ƙurar da ake shaƙa a kuma kai gida a jikin riga. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba, duk da cewa tasu daga dutsen zinariya ta fito. Tururin diluwan da na sinadarin da ke busar da fentin zamani suna cutar da huhu, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare su. A gurza da ruwa, a fesa a fili, a nemi takunkumi mai matata, a wanke hannu kafin cin abinci, kayan aiki kuma kada su kwana ɗakin da ƙananan yara suke. 

Su kuma dattawan da ke riƙe da irin wannan sani, masu fenti da marina da dukawa da masu kiwon dawaki, suna nan kusa da kowace makaranta, kuma ba su taɓa ƙin amsa gayyata ba idan aka je musu da girmamawa. Darakta ba ya buƙatar takarda daga Yamai kafin ya shimfiɗa wa ɗayansu tabarma a gindin itace na awa guda. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke koyarwa.